Na Bi Sawun Kifin Garba Har Bakin Biridi

Kawuna ya fi shekara talatin yana soya kifin teku a Abijan, amma bai taɓa tsoma ko ɗan yatsan ƙafarsa a teku ba. In ka tambaye shi dalili sai ya ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, shi kuwa kwando ne. Ƙanin mahaifiyata ne, mutumin karkarar Maraɗi, ya tafi cin rani tun ina goye, ranin ya ƙi ƙarewa. Ni a Katsina na tashi, ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, ina zana wa yara igiyoyin teku a allo alhali babban ruwan da na taɓa gani da idona shi ne dam ɗin Jibiya. Da aka sa ranar auren 'yar Kawu a watan Agustan 2024, Inna ta ce ƙafarta ba za ta iya wannan doguwar hanya ba, sai dai in wakilce ta.

Hanyar Burkina da mutanenmu suka saba bi ta lalace da rashin tsaro, don haka na gangara Ikko na hau babbar motar da ke bin bakin teku: Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, Ankara babban birnin Gana, Takoradi, Elubo. Iyaka huɗu, kowace da salon karɓar na goronta, a ɗaya ma mun yi awa biyar a zaune saboda katin rigakafin shawara na wani fasinja. Wannan labarin wata rana ne. Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar shi ne sanyi.

Tun daga Ankara na fara jin sa. Agusta a wurinmu marka ce, in rana ta leƙo kuma gumi ya karyo. A nan sama ta yi toka-toka, ba ruwa ba rana, wata iska mai danshi tana busowa daga teku har sai da na lalubo rigar sanyin da Inna ta cusa mini a jaka ina cewa ba na so. Da muka wuce Kef Kos da Elmina, kwale-kwale masu tutoci sun cika bakin ruwa ba masaka tsinke, hayaƙin banda ya turnuƙe gari. Wata hajiya 'yar zangon Nima da ke zaune kusa da ni ta nuna da haɓa ta ce, "Ruwa ya yi sanyi, amani ya zo." Amani su ne ƙananan kifayen nan da ake bandawa a kai su har Tamale da Bolga. Na gyaɗa kai kamar na gane. A littafin da nake koyarwa da shi akwai layi biyu a kan wannan al'amari, na sha karanta wa yara su, ban taɓa zaton ana jin sa a fata ba.

Ga wanda bai san garba ba: aceke ne, wato rogon da aka bari ya yi tsami aka turara shi ya yi washar-washar kamar dambu, a ɗora masa yankan kifin tuna soyayye, a watsa ɗanyen attarugu da albasa da tumatir, a marmasa dunƙulen magi a kai, a bi da cokalin man da aka soya kifin. Da hannu ake ci, a kan benci ko a tsaye. Abincin lebura ne da ɗalibi da ɗan kamasho, amma na ga mai kwat ya ajiye mota ya shiga layi. Abin da kowa ke faɗi a garin shi ne daga wurinmu sunan ya fito: 'yan Nijar ne suka riƙe sana'ar tun farko, Garba kuwa suna ne da ya yi yawa a cikinsu, sai abincin ya gaje shi. Rumfar da ake sayarwa ma garbadrom suke ce mata. Rogon na mutanen bakin tafki ne, Ebiriye da Ajukuru da maƙwabtansu, kifin na tsakiyar teku, mai riƙe da wuƙar kuma ɗan tudu ne da bai iya iyo ba.

Rumfar Kawu tana unguwar Yofugon. Kafin a kira assalatu taubashina, wanda a can aka haife shi, Faransancinsa ya fi Hausarsa gudu, ya riga ya dire buhun kifi a ƙasa, ya yi ƙara kamar an zube itace. A daskare yake, ga gishiri ya kama shi, sai an jiƙa shi a baho ya saki. Daga nan Kawu zai zauna a kan kujerarsa 'yar tsugunno ya wasa wuƙa. Kwana biyu na yi ina kallonsa kafin in gane cewa wuƙar nan ita ce ma'aunin kasuwa. Kawu ba ya son taɓa farashi, domin mai dala arba'in ba zai zo da hamsin ba. Kaurin yanka yake taɓawa. In kifi ya wadata, yankan ya cika tafin hannu. In ya yi wuya, sai ya sirance har ka kusa hango fitila ta cikinsa.

Na ce, "Kawu, me ke sa shi wuya?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, kai da ke karantar da duniya kake tambayar mai suya? Jirage ne. In sun tahi Gabon, mu jira. In sun tahi Dakar, mu jira da yawa. Ni dai na san watanninsu kamar yadda na san watan shuka da na girbi. Abin da ke kai su can, sai ka tambayi masu ruwa."

Washegari taubashina ya ɗora mini buhu a kafaɗa, ya ce yau malamin makaranta zai ci gumin ɗan dako, muka nufi tashar jiragen kamun kifi. Abijan a bakin tafkin Ebiriye take, wani dogon tudun yashi ya raba ta da teku. Sai a 1950 aka gama fasa tudun da mashigin Biridi, mai tsawon kilomita 2.7, manyan jirage suka samu hanyar shiga ruwa mai kwanciya. Wannan tsagar ce ta mai da garin babbar tashar tuna ta Afirka a ɓangaren Atlantika. Jirgin da muka tarar ana sauke wa kaya na Turawa ne, ma'aikatansa yawanci baƙaƙe, tsawonsa ya kusa filin ƙwallo. A bayansa an tsibe taru baƙi kamar tudun ƙaiƙayi, an ɗora wani ƙaramin jirgi mai kauri a kansa. Ƙugiyar inji tana zura raga cikin babban jirgin tana fito da kifi yana hayaƙin sanyi. Irin wannan jirgi yakan yi wata guda ko fiye a ruwa, ya dawo da abin da ya kai tan dubu, duk an daskarar da shi cikin ruwan gishiri mai tsananin sanyi. A nan na gane inda gishirin garba ya samo asali.

A bakin jirgin ake tankaɗe da rairaya. Lafiyayye ya tafi masana'antar gwangwani, ya ƙare a kantunan Turai. Wanda ya yi ƙanƙanta, ko ya fashe, ko gishiri ya cinye shi, ko kuma dangin tuna ne na nesa, shi ake kira fo-ton, wato tunan ƙarya, ko da yake ban ga ƙaryar komai a jikinsa ba. Shi ne rabon gari. Manyan mata 'yan sari, zani a ɗamare, waya a kunne, su ke da bakin magana a wurin, daga hannunsu yake gangarowa har ya iso bahon Kawu.

Na ɗauki ɗaya na jujjuya shi. Listawo suke ce masa, shi ne mafi yawa, bai wuce kilo biyu zuwa uku ba. Jikinsa sumul, ba ɓawo sai ɗan kaɗan wajen kai, bayansa shuɗi mai duhu, cikinsa fari da zane-zane baƙaƙe a miƙe daga ƙirji zuwa wutsiya. Taubashina ya danna ƙayar bayansa, ta shige cikin wata 'yar tsaga ta ɓace, kamar an mai da wuƙa kube. Wutsiyar kamar jinjirin wata, da tauri kamar ƙaho. Da Kawu ya tsaga shi daga baya, naman ja ne wur, wajen ƙashin baya har ya yi baƙi-baƙi, ya fi kama da naman sa. Mu da muka saba da tarwaɗa, wadda za ta kwana cikin taɓo ta wayi gari da rai, wannan wata halitta ce dabam. Tuna ba ya iya tsayawa. Sai yana gudu baki buɗe ruwa ke ratsa masa maƙogwaro ya samu numfashi, in ya tsaya ya shaƙe. Jijiyoyin jininsa a saƙe suke ta yadda zafin da tsokarsa ta haifar ba ya zubewa cikin ruwa, don haka jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi. Dokin sukuwa ne da ba a taɓa kwance masa sirdi, kuma irin wannan doki ba ya zama inda babu harawa.

Mai ruwan da Kawu ya tura ni wurinsa wani dattijo ne ɗan Sanagal, masallacinsu ɗaya. Ya yi shekara ashirin da wani abu a jiragen tuna, ya ƙare a matsayin mai hange, wanda ke wuni a saman jirgi da ƙatuwar madubin hangen nesa yana neman tsuntsaye. Bayan la'asar muka zauna a bayan rumfa, taubashina yana tafinta yana dafa shayi. Da na yi tambayata, dattijon bai amsa ba. Ya sa aka kawo masa kwano da ruwa, ya ɗebi man suya a kaskon Kawu ya zuba a kai, man ya shimfiɗu. Ya ce man nan shi ne ruwan ɗumi, na ƙasa shi ne ruwan sanyi, ba sa gauraya. Sannan ya sunkuya ya hura iska a hankali daga gefensa. Man ya tattaru a ɗaya gefen, na gabansa ya sirance har ruwan ƙasa ya leƙo.

Ya nuna inda man ya taru. "Barazil." Ya nuna gabansa. "Mu."

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan darasi, ban taɓa yin bayaninsa da kyau haka ba. Iskar da ke kaɗawa a kan Atlantika daga gabas zuwa yamma tana tura ruwan sama mai ɗumi ta jibge shi a gefen Amurka ta Kudu. A can shimfiɗar ɗumin tana da kauri. A gefenmu kuwa, a Mashigin Gini, sau da yawa ba ta wuce mita 30 zuwa 50 ba, daga nan sai sanyi ya sauka farat ɗaya. Duk wanda ya taɓa wanka a kududdufi da bazara ya san abin: ƙirjinka cikin ruwa mai ɗumi, tafin ƙafarka cikin sanyi. Ni na sa masa suna daɓen sanyi, don ga listawo da matashin albako, wato tuna mai rawayar ƙaya, kamar daɓe yake. Suna iya leƙa ƙasansa, ba sa iya daɗewa. A wasu wuraren, kamar yammacin Sanagal da Muritaniya da kuma wajen Angola, ruwan da ke ƙarƙashin daɓen ba sanyi kaɗai gare shi ba, iskar numfashin da ke cikinsa ma ta yi ƙaranci, kifin da ke rayuwa a guje kuwa ba ya jure wannan.

To ga inda taru ya shigo. Tsawonsa ya haura kilomita ɗaya da rabi, zurfinsa wajen mita 200. Ƙaramin jirgin nan zai riƙe baki ɗaya, babban ya kewaye garken a guje, sannan a ja igiyar ƙasa a tsuke gindin kamar bakin zabira. Tsakanin kewayewa da tsukewa akwai mintuna masu yawa da ƙasa ke buɗe, kifi kuwa in ya firgita nutsewa yake yi. Inda daɓen yake kusa, sai ya gangara ya ci karo da sanyi ya juyo, kafin ya yi shawara an tsuke. Inda daɓen yake da zurfi, garken gaba ɗaya sai ya sulale ta ƙasa, a jawo taru a tashi a tutar babu. Dattijon ya ce ya ga kyaftin ya cire hularsa ya jefa a teku saboda haka. Irin tuna ɗaya ne kawai bai damu da daɓen ba, fatudo, mai ƙaton ido da kitse. Babbansa da rana yakan sauka mita 300 zuwa 500 cikin duhu da sanyi yana farauta, yana hawowa jefi-jefi ya sha ɗumi, da dare ya dawo sama. Shi ba a samun sa da taru sosai in ya girma, sai da mamari mai dubban ƙugiyoyi da jiragen Asiya ke shimfiɗawa, namansa kuma Japan ake kai wa a ci ɗanye.

Na ba shi labarin sanyin da na ji a hanya da maganar hajiyar Nima. Ya yi dariya ya ce ai shi ne damunar teku. Daga Yuli zuwa Satumba, a gaɓar Kodebuwa da Gana, daɓen nan yakan taso har ya fasa sama, musamman gabas da ƙahon Palmas da gabas da ƙahon Tiri Foyints, wato wurare biyu da ƙasa ta kutsa cikin teku. Ruwan da a watan Afrilu yake digiri 28 ko 29 sai ya sauko 22, wani lokaci ƙasa da haka. Akwai ƙaramin irinsa kuma wajen Janairu, lokacin da hunturunmu ke isowa bakin teku. Masana sun daɗe suna jayayya a kan musabbabinsa, domin gaɓar nan ba ta kwanta yadda iska kaɗai za ta yi wannan aiki ba. Wasu sun ɗora a kan igiyar Gini da ke gudu gabas tana karo da ƙahonnin nan biyu, wasu sun ce ƙarfin iska can kusa da Barazil ne ke aiko da wani motsi ta ƙarƙashin ruwa, ya bi layin ikwaita da ya raba duniya kudu da arewa, ya iso nan bayan makonni. Ni wannan na biyun ya fi burge ni, ko don in ce wa yarana iskar Barazil tana da hannu a farashin amani a Tamale.

Ruwan ƙasa da taki yake tasowa, na duk abin da ya mutu ya nutse ya ruɓe. Da ya haɗu da rana sai ƙananan tsirran da ido ba ya gani su tsiro, teku ta koma kore kamar miyar kuka. Ƙwarin ruwa su ci tsirran, amani da danginsa su ci ƙwarin. Nan na yi saurin cewa ashe nan tuna zai tare. Dattijon ya kaɗa yatsa. Ya ce tuna da ido yake farauta, ba ya son gurɓataccen ruwa, ba ya son sanyin kuma. "Kore na masu kwale-kwale ne. Shuɗi tas, wanda baƙo ke ɗaukar hoto, hamada ce, ba ko tsuntsu. Mu tsakani muke nema." Ya ce wani lokaci iyakar tana fitowa ƙarara kamar an ja layi da alli, kumfa da tarkace sun jeru a kanta har iyakar gani, ma'aunin zafi ya yi tsalle da jirgi ya ƙetare ta. Tuna yana tsayawa a gefen ɗumi mai haske yana kai hari bakin kore. Kuma ba ranar da ruwa ya taso ake samun sa ba. Sai an ba shi makonni, ruwan ya yi tafiya, abin da ya tsiro a cikinsa ya girma ya isa ci. Wanda ya taɓa ganin Fulani sun ƙi sakin shanu a kan tsiron farko ya san wannan lissafin.

Da ya jera mini shekarar jirage ma, tashin Fulanin na tuna. Farkon shekara suna kan layin ikwaita, kudu da nan, inda manyan albako masu kilo hamsin, saba'in, ke taruwa yin ƙwai, domin ƙwansu sai ruwa ya haura digiri 24. Daga wajen Mayu zuwa Satumba a gangara ƙahon Lofez na Gabon, inda ruwan sanyi daga kudu ke haɗuwa da ruwan ɗumin cikin mashigi. Wasu kuma su haura Sanagal da Muritaniya a watannin damina, lokacin da ɗumi ya matsa arewa ya tokari sanyin da ke tasowa a can. Ƙarshen shekara a koma kudu da Laberiya da Saliyo. Wata shekarar sanyin ya makara ko ya zo da rauni, lissafin duk ya rikice, jirage su yi ta ƙona mai suna lalube.

Na tambayi kaina me ya sa mu a Najeriya ba mu san wannan kifi ba sai a gwangwani, mun fi sanin taitus da fanla na ƙanƙara da ake shigo mana da su. Wani ɓangare na amsar yana cikin ruwan. Tasowar sanyin nan tana raunana in an doshi Ikko, gabas da nan kuma ruwan Kwara da ruwan saman Kamaru sun shimfiɗa wani ɗumi mai ƙarancin gishiri da ba ya barin na ƙasa ya fito. Amma ba zan ɗora wa teku laifin duka ba. Akwai tuna a zurfin ruwanmu. Abijan da Tema ta Gana sun gina tasha da ɗakunan sanyi da masana'antar gwangwani, mu muka sa ido a kan mai.

Wani abin da ban sani ba ko a littafi sai da dattijon ya faɗa: a kan ikwaita ruwa biyu ne ke gudu, ɗaya bisa ɗaya. Na sama ya nufi yamma, na ƙasansa ya nufi gabas da ƙarfi. In aka jefa taru ba a auna ba, saman ya tafi Barazil, gindin ya tafi Gabon, ya murɗe kamar wankakken zani. Ya ce sun taɓa yin kwana uku suna ɗinki a tsakiyar teku, garken albako yana wasa a gefensu, ba halin taɓawa.

Kwana biyu bayan ɗaurin aure muka hau ƙaramin jirgin fito muka je Abobo-Dume, inda masu kwale-kwale ke sauke nasu. Yawancinsu Fante ne daga Gana. Na yi sa'a da wani da ya tashi kusa da zangon Sekondi, Hausarsa ta fi ta taubashina. Su ba su da tauraron ɗan'adam. Da yamma suke fita ta Biridi, su shimfiɗa kalli mai tsawo ya bi ruwa duk dare, da safe su dawo da listawo da ƙananan danginsa, wani lokaci da kifin nan mai dogon baki kamar mashi. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne wani rami da ke ƙarƙashin teku daidai bakin mashigin, da Faransanci ana ce masa Rami Marar Gindi. Kwazazzabo ne da ya faro daf da gaɓa, kafin a yi nisan kilomita ashirin zurfinsa ya kai mita dubu. Zurfin teku ya zo musu har ƙofar gida ke nan. Na tambaye shi yadda yake sanin inda zai jefa. Ya ce launin ruwa, da tsuntsu, da hannu: yakan tsoma hannu yana tafiya, in ya ji ya canja ya rage wuta. Sai kuma wata. In farin wata ya cika, kifi yana ganin kallin ya kauce, don haka ranakun duhu su ne nasu.

A tashar manyan jirage na ga wani abu da na ɗauka tarkace ne: gorori an ɗaure su kamar gadon kara, an lulluɓe da baƙin ƙyalle, igiyoyi na reto a ƙasa, a gefe kuma wata na'ura kamar an kife tasa, da farantin hasken rana a kanta. Wannan shi ne abin da ya canja sana'ar tun daga shekarun 1990. Masunta sun daɗe da sanin cewa tuna yana taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke yawo a kan ruwa, musamman gungumen da kogin Kwango ke amayowa, kamar yadda tumaki ke taruwa a inuwar gawo ɗaya tilo a fili. Sai suka fara ƙera nasu gungumen suna zubawa da ɗaruruwa. Na'urar tana aiko wa kyaftin inda take, har da kiyasin kifin da ke ƙarƙashinta. Kafin gari ya waye a zo a kewaye. Yanzu igiyar ruwa ce ke kiwon, ta ɗauki gadon karan daga Gabon ta kai shi inda ta ga dama, jirgi ya bi. Dattijon bai ɓoye haushinsa ba. Ya ce yaran yanzu ba sa ɗaga kai su dubi sama, allo suke kallo, taswirar zafi da ta koren ruwa tana sauko musu kowace safiya.

Matsalar ita ce inuwar ba ta zaɓe. Tare da listawo, 'ya'yan albako da na fatudo da ba su kai ko kilo biyu ba suna shiga, waɗanda da an bar su da sun yi nauyin ɗan maraƙi. Saboda haka hukumar ICCAT mai kula da tunan Atlantika, wadda aka kafa da yarjejeniyar 1966, hedkwatarta a Madrid, ta sa lokacin da ake hana jefa taru a kan waɗannan gadaje. A 2024 kwana 72 ne daga 1 ga Janairu. Kawu yana kiran sa azumin jirage, kuma ba ya ƙaunarsa, domin daga ƙarƙashin gadajen nan ne mafi yawan fo-ton ke fitowa. Na zauna ina kallon bahonsa, rabin abin da ke ciki yara ne. Na so in yi masa wa'azin malaman makaranta, sai na tuna da kuɗin wannan bahon aka yi wa amarya kayan ɗaki, da shi kuma ake aika wa Inna na cefane duk wata. Na haɗiye wa'azina. Har yanzu ina ganin hanin daidai ne, har ma ya yi kaɗan, amma ba a rumfar Kawu zan faɗa ba.

Ana jibi zan taho na matsa sai an kai ni in taɓa tekun da hannuna. Muka je bakin ruwan unguwar Por-Buwe, Kawu ya biyo mu da ƙyar. Igiyar wurin muguwa ce, tana tasowa ta fi mutum tsayi ta faɗo da ƙara kamar an rushe katanga, ko 'yan gari ba sa wasa da ita. Na naɗe wando na tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Da ruwan ya rufe mini idon sawu sai da na ja numfashi. Sanyi ne irin na randar da ta kwana a waje da hunturu, a ƙasar da ke digiri biyar kacal daga ikwaita. Ruwan kore ne mai duhu, yana warin ɗanyen kifi. Can nesa wani jirgin tuna ya fito daga Biridi ya juya hanci kudu maso gabas. Na waiwaya in nuna wa Kawu, na hango shi can bisa tudun yashi, ya fi taku hamsin daga ruwa, rungume da takalmana, yana yi mini alama da hannu in fito haka nan.

Da safen da zan tafi ya zaɓo wani listawo mai ƙiba ya yanka mini daga tsakiya, yanka mai kaurin yatsa uku, ya soya da kansa. Wani ɗan kamasho da ke layi ya dubi farantina ya dubi nasa, ya fara ƙorafi da Faransanci yana ɗaga siririn yankansa sama. Kawu bai ko ɗago ba, ya ci gaba da marmasa magi.

Ya ce wa taubashina, "Gaya mishi wannan daga Katsina ya zo. Nashi jirgin bai dawo daga Gabon ba."